Hanyar da Ta Ratsa Gidan Yaya

Mai Taswira ake ce masa a ofis, har matarsa haka take kiransa in tsokana ta motsa mata. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ofishin tsara birni, a ɗakin ƙarshen baranda mai fankar nan da ke ƙara kamar za ta faɗo. Da fensir da rula ya fara. Da aka kawo kwamfuta ya koya da ƙyar, 'ya'yansa na yi masa dariya wai yana danna ta kamar mai kashe kiyashi. Aikinsa zana garin da ba a gina ba tukuna: inda makarantu za su zauna, inda za a bar fili, inda motoci za su bi idan jama'a ta ninka nan da shekara talatin.

Yayarsa ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tela ce, da kekenta ta ga bayan karatunsa, kuma har ya yi furfura Auta take ce masa.

Wata Litinin darakta ta tara su, ta rufe ƙofa. An amince da babbar hanyar da za ta zagaye gari, da layin bas a tsakiya.

"Sai nan da wata uku za a sanar," in ji ta. "In maganar ta fita, dillalai za su wawashe filayen gefen hanya kafin masu su su farga. Kowa ya sa hannu ba zai faɗa ba."

Ya sa hannu, ya koma ya ɗora awon injiniyoyi a kan taswirar unguwanni. Jan layin ya wuce bayan tsohon tankin ruwa, ya ratsa gidan Yaya ta tsakiyar shagon ɗinkinta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Layin na nan.

Da yamma ta kira shi.

"Auta, ranar Asabar za a zuba rufin kankaren benen nan. Ka zo ka duba min, kada magina su yi min coge."

Shekara biyar tana shirin benen, saboda ɗanta da iyalinsa su dawo kusa da ita.

Washegari ya gwada matsar da layin gabas, sai ya hau makarantar firamare da gida goma sha tara. Ya matsar da shi yamma, ya faɗa kwarin da ruwa ke cika duk damina. Ya mayar da shi inda yake, ya tafi wajen darakta.

"Ranki ya daɗe, hanyar nan ta bi ta gidan yayata."

Ta aje biro. "So kake in karkatar da ita?"

"Na gwada da kaina, ba ta karkatuwa. Amma na ƙirga gida goma sha ɗaya da ake kan ginawa a layin. A dakatar da su duka, ba nata kaɗai ba. Kada mu zuba ido suna gina abin da za mu rushe."

"Sai hukuma ta yarda, kuma sai Juma'a take zama. Kafin nan bakinka alaikum."

Ranar Alhamis ya je gidan. Yaya ta zaga da shi, tana nuna masa tulin tsakuwa da rodin da aka ɗaure, da inda tagar jikokinta za ta kalla. Ta zuba masa abinci.

"Yaya, da kin ɗan jinkirta."

"Saboda me?"

"Ki dai jinkirta."

Ta ƙura masa ido. "Akwai abin da ka sani ne?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Ta ce tunda ba shi da dalili, Asabar na nan daram.

Juma'a ya wuni a benci a ƙofar ɗakin taro. Sai wajen ƙarfe biyar darakta ta fito ta miƙa masa takardu goma sha ɗaya na dakatar da gini a kan layin hanyar. Da sassafen Asabar ya kai wa Yaya tata da hannunsa, magina sun riga sun tayar da injin kwaɓa siminti. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Litinin."

"Ka zauna a gidana, ina nuna maka taga kamar wata sakarya?"

"Na sa hannu ne, Yaya."

Ta juya ta ce wa magina su kashe injin. Wata biyu ba ta ɗaga wayarsa ba.

Bayan shekara aka ba waɗanda hanyar ta shafa filaye a sabuwar unguwa can bakin gari, ta gina ɗaki uku da shago. Ita da shi sun shirya, amma ba ta taɓa cewa ya kyauta ba, shi ma bai nema ba. Wata safiya ta kira shi.

"Auta, masu kawo min ɗinki sun daina zuwa, ba mota. Yaushe bas ɗin naku zai iso?"

"A tsarin, shekara shida."

"Shida? Ni da nake da sittin da takwas?"

Ta kashe wayar. Ya jawo takarda ya fara rubuta wa darakta buƙatar a ba unguwar bas biyu na wucin gadi. Saura masa wata bakwai ya yi ritaya a lokacin, kuma sau huɗu ya sake rubutawa kafin a ba su ɗaya.