Ranar da aka sare ƙeranar Dada

Abubuwa da yawa na zamana a Garwa sun shige mini duhu yanzu, har sunayen wasu maƙwabta sai na yi ta lalube kafin in tuna. Amma ranar da ƙanin mijina ya ɗauki adda ya nufi wata tukunyar shuka a bayan gidanmu, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Zamanin shugaba Ahijo ne, ina da ƙuruciyata. Gidanmu gidan mahauta ne, babban gida. Akwai surukina da 'ya'yansa maza biyu, wato mijina da ƙaninsa, sai ni da faccalata, matar ƙanin nasa. A can baya, kusa da turken awaki, akwai wani ɗan ɗaki da surukina ya ba wata mata ta zauna. Kirista ce, daga kan duwatsun arewa ta sauko, ba miji ba ɗa. Aikinta wanke kayan ciki a mayanka, a nan surukina ya san ta. Dukanmu Dada muke ce mata, kamar yadda Fulanin gari ke kiran uwa. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana haɗawa da Fulatanci, kuma ba ta da yawan magana.

A ƙofar ɗakinta akwai wata tsohuwar tukunyar ƙasa, babba, da ta dasa ƙerana a ciki. Wanda bai san ƙerana ba, tsiro ne mai kauri, kore shar, ba ganye sai ƙaya, in an yanke shi wani farin ruwa ke fita kamar nono. Mutanen dutse da shi suke shinge. Ta Dada ta girma ta yi rassa, tsawonta ya kai ƙirjin mutum. Ba wanda ya taɓa ganin an saka irin wannan abu a tukunya ana lallaɓa shi kamar jariri, sai a wurinta.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda take ba ta ruwa. Da damina ta faɗi, kowa na murna yana fitar da 'yan shuke-shukensa, ita kuwa sai ta kira ni in kama mata mu ja tukunyar zuwa ƙarƙashin rumfa. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye ta.

"Dada, kowa na neman ruwan sama, ke kina ɓoye wa taki?"

Ta ce, "'Yata, wannan ba masara ba ce. In ruwa ya yi mata yawa daga gindi take ruɓewa. Kina ganinta kore a sama, ta riga ta mutu a ƙasa."

In sanyi ya shigo, ko ɗigo ba ta zuba mata, wai barci take yi. Sai bazara ta kama, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya ji kamar an kifa masa kasko, kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, mata na faɗa a layin famfo, a lokacin ne Dada za ta tsuguna da yamma ta cusa yatsa a cikin ƙasar tukunyar. In ta ji ta bushe ƙamas, sai ta ɗebo ruwa a ludayi ta zuba a hankali a gefen gindin. Tana zubawa tana magana ƙasa-ƙasa da yarensu na dutse, wanda ba mai ji a gidan.

Wannan maganar ce ta jawo mata. Matan unguwa suka fara ƙus-ƙus, wai wane irin tsiro ne ake ɓoye wa ruwan Allah, a kuma riƙa yi masa hira? Ni dai ban ɗauki zancen da nauyi ba, don matar ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Surukina ma in ya ji sai ya ce a bar baiwar Allah ta sha iska.

A wata bazara ƙyanda ta shigo unguwarmu. Wanda bai ga ƙyandar wancan zamani ba ba zai gane ba. Gida kaɗan ne ba a yi kuka ba. A namu gidan ta kama 'yar faccalata, yarinya mai fara'a da ta fara tafiya ke nan, ba a ma yaye ta ba. Aka yi na gida, aka kai ta lopital, wato asibiti, Allah ya karɓi abarsa.

Uban yarinyar mutum ne mai barkwanci, kullum sai ya tsokane ni kan miyata. Daga ranar ya zama wani daban. Ba ya kuka, ba ya magana, idanunsa jawur.

Ana cikin zaman makoki, wajen hantsi, tsakar gida cike da mata, sai wata maƙwabciya da ta zo gaisuwa ta ce, da murya wadda ba ta yi ƙasa yadda ya kamata ba, "Ku dai kuna zaune da abu a gida. Jiya da idona na ga matar nan tana ba abin nata ruwa tana surutai, mutane ko na sha ba su samu ba. Ku je ku duba, duk yaron da ya tafi a unguwar nan sai abin ya yi sabon reshe."

Ashe ƙanin mijina ya shigo ɗaukar buta, yana tsaye a bakin zaure. Ya shiga ɗakinsa ya fito da addar da suke sara ƙashi da ita, ya miƙe bayan gida. Na tashi na bi shi ina cewa, "Tsaya mana! Don Allah tsaya, Baba na waje, bari a kira shi!" Ko waiwaye bai yi ba. Dada ba ta nan, ta tafi famfo tun da safe.

Sara na farko ya raba babban reshen biyu. Na ga farin ruwan nan ya yi tsartuwa ya fantsama masa a fuska. Bai tsaya ba, ya ci gaba da sara kamar mai faɗa da mutum, rassa na zubewa, nonon na bin addar har gwiwar hannunsa. Sai ya ɗaga bayan hannun nan da ya jiƙe sharkaf ya share idonsa da shi.

Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba. Ya yar da addar, ya dafe fuska da hannu biyu, ya faɗi yana birgima cikin ƙaya da kashin awaki. "Idona! Wuta! Wayyo Allah idona!" Mata suka watse, wasu suka yi waje da gudu suna salati, maƙwabciyar nan na cewa, "Kun gani ko? Abin ya rama!" Gaskiya a wannan lokacin ban san me zan gaskata ba.

Ana haka sai ga Dada da tulu a kai. Ta tsaya cak. Ta dubi tukunyar, ta dubi rassan da ke warwatse a ƙasa. Fuskarta ta yi wani iri. Na ce a raina yau za mu ji baki, yau za ta tsine mana gaba ɗaya.

Sai ta sauke tulun, ta durƙusa a kansa, ta fizge hannayensa daga fuskarsa da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba.

"Kar ka murza! Kar ka murza, ɗana, za ka kashe idon!"

Da ya ji muryarta sai ya ƙara haukacewa. "Kar ta taɓa ni! Ku cire ta a kaina, ita ta ci mini 'ya!"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta dubi surukina da mijina da suka shigo a guje ta ce, "Malam, danne shi. Kai, riƙe kansa a karkace." Ta juyo gare ni. "Ke, zuba. Kar ki tsaya ko ya zage ki."

Ta sa yatsunta ta buɗe fatar idonsa, ni ina tsiyaya ruwan tulun da ta sha layi tun safe kafin ta samu. Idon ya kumbura ya yi ja kamar tsokar nama. Tulun ya ƙare, ta ce a kawo na randa. Na randa ya ƙare, aka kwaso butocin masu zaman makoki, har ruwan da aka ajiye don girki. Hannunta ita ma duk ya yi jawur saboda nonon ƙeranar da ta shafo a jikinsa, ƙaya ta soke ta a gwiwa jini na zuba, ba ta ko duba ba.

Da ruwa ya ƙare kaf a gidan, shi kuwa bai daina ihun zafi ba, sai ta ce, "Madara! A samo madara, tana kwantar da zafin."

Ina za a samu madara a tsakiyar bazara? Shanu sun yi nisa neman ciyawa, matan Fulani sun daina shigowa da ƙwarya. Dada ta ɗaga kai tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya tsaya kan faccalata, wadda ke jingine da bango kamar ba rai a jikinta. Gaban rigarta a jiƙe yake. Tun rasuwar yarinyar nono ke damunta, ya cika yana zuba, ba mai sha.

Dada ta miƙa mata ludayin nan da take ba ƙerana ruwa da shi, bayan ta goge shi da gefen zaninta. Ta ce a hankali, "Zo, 'yata. Juya bayanki, ki tatso."

Har shi mai ihun ya daina ihu, don ya ji abin da aka ce. Surukina ya sunkuyar da kai. Faccalata ta karɓi ludayin, ta juya ta fuskanci bango, na cire mayafina na kare ta. Ina jin sautin nonon yana sauka a ludayi, ina jin kukanta da take ta haɗiyewa. Da ta gama, ita da kanta ta zo ta durƙusa ta ɗiga wa mijinta a ido, nonon 'yarsu da aka binne. A nan ne mutumin nan ya fashe da kukan da ya ƙi yi tun ranar jana'iza. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Mijina ya goya shi a mobilet, ɗan babur ɗinsa, zuwa lopital. Idon hagu dai ya tafi, ya yi fari har ƙarshen rayuwarsa. Na dama ya tsira, kuma can suka ce wankin da aka yi masa nan take ne ya taimaka.

Da aka sallamo shi, bai shiga ɗakinsa ba sai da ya sa na kai shi ƙofar Dada. Muka same ta ta jera guntayen rassan a inuwa, wai sai bakin saran ya bushe kafin a dasa, in ba haka ba ruɓewa za su yi. Ya tsuguna, fuska naɗe da bandeji.

"Dada, ki yafe mini. Ban san abin da ya hau kaina ba."

Ta ce, "Na san abin da ya hau kanka. Ni ma ya taɓa hawa nawa."

Sai ta ba mu labarin da ba wanda ya taɓa tambayarta. Tana da ɗa guda ɗaya a can kan dutse, irin wannan ciwon ne ya ɗauke shi. Suka binne shi suka kewaye kabarin da ƙerana don kada kura ta tone. Daga baya mijinta ya rasu, hukuma kuma ta ce mutanen ƙauyensu su sauko ƙasa su zauna. Ranar da za su taso ta je ta yanko reshe ɗaya daga shingen kabarin, ta naɗe a tsumma, shi ne ta yi ta yawo da shi har Garwa.

Na ce, "To Dada, maganar da kike yi mata fa?"

Ta ɗan yi murmushi. "Labarin yini nake ba ɗana. Na ce yau an yanka shanu da yawa, yau ƙafata na ciwo, yau 'yar gidanmu ta fara tafiya. Da yarenmu wa zan yi wa magana a garin nan?"

Ƙanin mijina ya kifa kai a gwiwa.

Guntayen nan ba duka suka kama ba, amma wasu sun yi. Shi ya ɗebo duwatsu ya kewaye su don kada yara su je kusa. Duk bazara kuma, in ya dawo daga mayanka, sai ya biya famfo ya cika mata tulu, har lokacin da wani ɗan ƙanwarta ya zo ya tafi da ita. Maƙwabciyar nan kuwa ba ta ƙara taka gidanmu ba, surukina ya hana.

Yanzu na tsufa, na ga mutuwa iri-iri, na kuma lura cewa wanda aka yi wa rashi yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma baƙon da ba a jin yarensa shi ne ya fi sauƙin nunawa. Shekaru muka yi da matar nan a gida ɗaya. Na tambaye ta yadda ake ba shukarta ruwa, amma ba wanda ya ce mata, Dada, daga ina kika samo ta? Tambayar da ba ta fi numfashi ɗaya ba, da an yi ta da mutum bai rasa idonsa ba. Shi ya sa duk lokacin da na ga wani yana abin da ban gane ba, kafin in saurari masu ƙus-ƙus, nakan je in zauna kusa da shi in tambaye shi da bakina.