Orval Tackett a Ajin da Ba Nasa Ba

Shekara ashirin da shida Orval Tackett ya yi yana shiga ramin kwal a gabashin Kentucky, bai taɓa ɓata hanya a ƙarƙashin ƙasa ba. Da aka rufe ramin yana ɗan shekara hamsin da ɗaya, sai ya koma gida yana gyaran abin da bai lalace ba, har matarsa Glenda ta gaji.

"Sau biyu ke nan kana kwance min injin wanki, Orval, alhali lafiyarsa ƙalau. Ka tafi kwalejin nan ta gari ka koyi gyaran na'urar ɗumama gida, ko na samu in sarara."

Ya je ya yi rajista. Aka ce kafin ya taɓa kowace na'ura sai ya yi darasin lissafi na masu farawa, Talata da Alhamis, ƙarfe tara na safe, ɗaki na 214.

Ranar farko ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ajiye akori-kurarsa, ya faɗa ginin da ya fara cin karo da shi. Ya hau bene, ya ga 214, ya zauna a layin gaba. Malamar ajin, wata matashiya mai suna Sizemore, ta shigo ta hau rubutu. Orval ya zuba ido yana jiran lambobi, amma sai haruffa yake gani, da wata alama doguwa mai kama da ƙugiya. Ya waiga. Samari da 'yan mata sai gyaɗa kai suke yi kamar ana ba su labarin garinsu.

Ya kwafe komai, har inda ta yi kuskure ta goge. Da takardar sa hannu ta zagayo, ya rubuta sunansa a ƙasa. Abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne yadda malamar ke satar kallonsa. Kullum aka tashi sai ta matso ta ce, "Yallaɓai, ina fatan darasin ya yi?"

Shi kuwa kunya ba ta barinsa ya ce bai gane komai ba, sai ya ce, "To, ina dai dubawa tukuna."

A gida ya miƙa wa Glenda littafin. Ta duba, ta juya shi sama a ƙasa, ta sake dubawa.

"Wannan ne na masu farawa?"

"Haka suka ce. Ina jin ƙurar kwal ce ta cinye min ƙwaƙwalwa."

A mako na uku ya yanke shawarar bari, bai dai faɗa wa kowa ba. Suna cin wake da burodin masara da rana sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ajiye ta a tebur ya buɗe murya, don hannunsa duk maiƙo.

"Malam Tackett? Sunana Renfro, daga ofishin taimakon ɗalibai. Aikina bin sawun waɗanda suka daina zuwa. Sati uku ba a gan ka a aji ba. Lafiya dai ko? Mota ce, ko rashin lafiya?"

"Ni? Malama, ko sau ɗaya ban yi fashi ba."

"A nan an rubuta ko sau ɗaya ba ka zo ba."

Glenda ta ajiye cokali a hankali. "To ina kake zuwa da rigar coci, tsoho?"

Washegari su biyu suka tafi, don Glenda ta ce ƙafarta ƙafarsa. Malama Renfro dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya. Ta duba kwamfuta, ta duba takardarsa.

"Wa yake koyar da kai?"

"Wata yarinya siririya, Sizemore."

"Malaminka namiji ne, mai sanƙo, Dockery."

"To sai dai in ya canza."

Ta buɗe littafinsa, ta ƙura wa ƙugiyoyin nan ido. Sannan ta miƙe ta ce, "Tashi ka nuna min ajin da ƙafarka."

Ya shige gaba, ya kai su har ƙofa, ya nuna lambar da yatsa, yana huci kamar wanda aka yi wa ƙazafi. Malama Renfro ta ja shi bakin taga, ta nuna masa wani gini a ƙetaren wurin ajiye motoci.

"Can ma akwai 214. Naka ke nan. Nan ajin 'yan shekarar ƙarshe ne, masu shirin tafiya jami'a su karanci injiniyanci."

Orval ya dubi wancan ginin, ya dubi wannan ƙofar. Sai ga Malama Sizemore ta fito. Da aka yi mata bayani sai ta jingina da bango.

"Wai ɗalibi ne? Ni na ɗauka hukumar kwaleji ce ta turo shi ya duba koyarwata! Furfura, gogaggiyar riga, layin gaba, yana rubuta duk abin da na faɗa. Sati uku abinci ba ya shiga cikina."

Glenda ta yi dariya har da riƙe ciki. Orval bai yi ba. Ya rasa ko murna zai yi don kansa bai mutu ba, ko takaicin kwanakin da ya zubar.

"To yanzu korata za ku yi?"

"Kora? Mu da muke neman ka da fitila? Amma an yi maka nisa, sai ka dage."

Malama Renfro ta kai shi wani ɗaki kusa da laburare inda ake bitar darasi kyauta, ta sa shi a Litinin da Laraba da yamma. Ta cike masa wasu takardu uku da har yau bai san na mene ne ba. Sannan ta raka shi wurin Malam Dockery. Orval ya leƙa allo, ya ga kashi uku bisa huɗu an rubuta da manyan lambobi, ya sauke ajiyar zuciya.

Ba a ce ya zama gwani ba. Jarrabawar farko ya faɗi, ta biyu ya tsallake da ƙyar. Sau biyu yana cewa ya haƙura, sau biyu Malama Renfro tana kiransa, ba faɗa, sai dai ta tambayi abin da ya tsaya masa su warware. Karatun shekara biyu ya ɗauke shi uku.

Ranar bikin yaye su aka yi sanyi mai tsanani, na'urar ɗumama wani gidan kula da tsofaffi ta tsaya. Orval yana can kwance a ƙasan gini da sifana a hannu yana gyara ta lokacin da aka kira sunansa a wurin bikin. Glenda ce ta hau dandamali ta karɓo masa takardar, har ta yi wa jama'a ɗagin hannu.