Desmond Pybus: Fuskar da Kyamara Ta Ɓoye

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, ina wanke kwalekwale a bakin kogin Derwent, matarka Noelene ta kira ni ta ce ka cika. Zuciya ce ta tsaya, kana zaune a baranda da kofin shayi a hannu. Na kashe famfo, na zauna a kan yashi. Mai kowa ya karɓi abinsa.

Kashegari ta sake kirana, murya a dushe. "Merv, masu buga katin jana'iza suna son hoton fuskarsa kafin Juma'a. Na zazzage gidan nan kaf, babu, sai na aurenmu, da gashi har kafaɗa. A ce mai hoto guda ba shi da hoto?"

Na yi mata alkawarin nemowa, ban san inda zan dosa ba. Ni kaina, Des, da na yi shekara da shekaru ina tuƙa ka a kwalekwale, ƙeyarka na fi sani. Kai a gaba a durƙushe, kyamara manne da ido, ni a baya riƙe da inji ina lura da igiyar ruwa. In tseren jiragen ruwa masu ƙyalle ya fara, ba ka magana. Gwiwar hannu kake ɗagawa, dama ko hagu, ni kuma in bi. Haka muke kutsawa tsakaninsu, fararen ƙyallayensu cike da iska suna wucewa ta kanmu kamar zannuwan gado a igiyar shanya. In ruwa ya watso, kyamarar kake rufewa da riga, ka bar kanka ya jiƙe.

Sauran masu hoto jirgin gaba suke bi, su koma gaci da wuri. Kai kuwa sai mun jira na ƙarshe, ko da sanyi ya fara saukowa daga dutse. In na yi mita sai ka ce, "Haba tsoho, na farko yana da kofi. Na ƙarshen nan hoto kaɗai zai kai gida." Kuma ban taɓa ganin ka ɗauki wanda jirginsa ya kife ba. Ajiye kyamara kake yi, ka miƙa hannu.

Na baza cigiya a kulob ɗin matuƙa jiragen. Hotuna suka yi ta shigowa daga wayoyin mutane, duk iri ɗaya: ɗan ƙaramin mutum a kwalekwale, baƙar kyamara a gurbin fuskarsa. Ranar Laraba na kwana da baƙin ciki, don na ga za a binne ka ba tare da an ga idonka ba.

Da safiyar Alhamis, ina can, Merle Dransfield ta zo gidanka, dattijuwar nan da jirginta ya fi kowanne sanin ƙarshen layi. Ta miƙa wa Noelene hoto guda, ta ce, "Na ranar da iska ta mutu ne."

Na tuna ranar. Ana tsakiyar tsere iskar ta ɗauke ɗif. Ƙyallaye suka saki jiki, kogin ya kwanta sumul, kowane jirgi yana zaune a kan inuwarsa. Hazo ya sauko har ba a bambance ruwa da sama, sai ka ga jiragen kamar an rataye su. Ana jin ƙarar cokali a kofi daga jirgi mai nisa. Na kashe inji. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce a hankali, "Wannan ba na ɗauka ba ne." Daga nan ban san abin da ya biyo baya ba, ashe barci ne ya sace ni.

Ga ka nan a hoton Merle, kyamara a cinya, fuskarka duka a fili. Ka juyo baya kana kallona, ni kuwa na bingire a jikin inji, baki buɗe. Murmushi kake yi, irin wanda ake yi wa ɗan'uwa. Ban taɓa sanin kana juyowa ba.

Noelene ta daɗe tana dubawa, ta share ido ta ce, "Ka ga irin kallon da yake maka? Ni da na aure shi ban samu rabinsa ba."

Mai buga katin ya ce zai yanke ni, a bar ka kai kaɗai. Ta ce a'a. "In ka cire wannan malalacin, wa mijina yake yi wa murmushi?" Haka aka raba katin a coci, kai idonka biyu, ni ina barci. Mutane suka yi dariya, ni na kasa ɗaga kai don kuka.

Allah Ya jiƙanka, Des, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka masauki mai sanyi da haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga Noelene, da 'yarku Bronwyn, da duk matuƙan da ka jira har suka iso. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.