Tasar Tagulla da Murjanin Surukina

Kafin in je gidan 'yata wankan jego, ni dai a wuyan mata na san murjani. Ban san yana da rai ba, ban san yana cin abinci ba, balle in san yana mutuwa.

Ta haihu ne a farkon damina. Na haɗa kayana daga unguwarmu Adjamé Liberté, na ɗauki taksi muka haye gada zuwa unguwar Belleville, inda suke haya a bene hawa na biyu. Cikin kayan akwai ganyen wanka, kanwa, yaji, da wata tasar tagulla da mahaifiyata ta zo da ita daga Maraɗi. A cikinta aka yi mini wankan farko, a cikinta na yi wa 'ya'yana, ita ce kuma na kawo wa jikata.

Mijin 'yata yana aiki a tashar jiragen ruwa. Mutum ne mai ladabi, in zai gaishe ni sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Maman, an tashi lafiya?" Ni kuma in amsa ina kallon tabarma. Haka aka raine mu, surukuwa ba ta zama hira da mijin 'yarta. Duk abin da zan gaya masa, ta bakin matarsa yake bi.

A falonsu akwai wani akwatin gilashi, tsawonsa ya kai gadon yaro, cike da ruwan gishiri, da fitila shuɗiya a samansa. Akwariyom suke ce masa. Kifaye uku ne kacal a ciki. Sauran duk duwatsu ne, a kansu wasu halittu, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar kan kabeji, wani kore mai gashi yana kaɗawa kamar ciyawa cikin iska. 'Yata ta ce murjani ke nan, shekara shida yana renonsu, babban nan mai rassa bai fi ɗan yatsa ba lokacin da ya samo shi.

"Inna, wannan shi ne ɗan farinsa," ta ce tana dariya. "Wadda na haifa ƙanwa ce."

Bayan suna aka tura surukina aiki garin San Pedro na kwana goma. Ina ɗaki na ji yana yi mata bayani: kullum ruwan yakan ragu, sai a ƙara daga farin bido ɗin, wato jarkar da ke lungu, har ya kai zanen da ya yi a jikin gilashi. Ruwa ne tatacce, ba na famfo ba, kuma kada a sa gishiri, domin ruwa ke tashi, gishiri yana nan. Na so in tambayi da me ake zubawa. Ban tambaya ba, don da shi za a yi maganar.

Mai jego ba ta ɗaukar nauyi, saboda haka aikin ya dawo kaina. Bidon ya fi ƙarfin in ɗaga shi sama. Na ga wani tsohon kofin roba a gefensa, duk ya dafe, na ce a raina amanar mutum ba a yi mata hidima da wannan. Na ɗauko tasata, na dirje ta da lemun tsami da toka har tana ɗaukar ido, na ɗauraye. Kullum bayan la'asar sai in karkata bidon in cika ta, in rufe da faifai, da safe bayan na idar da lazimi in yi bismilla in juye a hankali. Wallahi har daɗi nake ji. Nakan tsaya ina kallonsu ina tasbihi.

A kwana na biyar koren nan ya daina kaɗawa, ya tsuke. A na bakwai wasu ƙananan dodon koɗi da ya sa a ciki suna lasar gilashi suka faɗo ƙasa. Ranar da surukina ya dawo, rassan babban sun fara fari daga tushe, naman yana saɓulewa kamar fatar tumatir da aka zuba wa ruwan zafi.

Ko takalmi bai cire ba. Ya jawo wani akwati ya baje a kan tebur: ƙananan kwalabe, sirinji, da katuna masu launi-launi. Ya ɗiga ruwan a kan wani abu kamar ƙaramin madubin hangen nesa, ya ɗaga shi wajen taga ya leƙa, ya ce gishiri daidai. Ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ɗiga magani yana ƙirgawa, ya girgiza, ya kara da kati. Daidai. Ya sake wani, ya jira minti biyar yana kallon agogo. Shi ma daidai. Ina leƙensa ta gefen labule, jaririya a kafaɗata. Ya duba zafin ruwa, ya duba injin da ke juya shi, ya canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Washegari farin ya ƙara hawa.

Sai ya juya kan matarsa.

"Kin fesa maganin sauro a falon nan?"

"Da jaririya a gida? Haba."

"To kin sa hannu a ciki da man kaɗanya?"

"Ni da ko tsayuwa ba na iyawa sosai? Tambayi kifinka mana, su suna gani."

"Ba wasa nake ba. Abu ɗaya na bar miki. Un seul!"

Ba ta ce ni ke zubawa ba, don ba za ta sa uwarta a bakin miji ba.

Da yamma ya kira wani abokinsa mai irin wannan kiwo, ya sa wayar a sifika yana kwatanta masa da faransanci. Na yi makaranta har aji huɗu na koleji, faransanci ba ya ɓace mini. Abokin ya ce in dodon koɗi sun mutu tare da murjani, kifi kuma lafiyarsu lau, to a nemi tagulla. Ya ce ko ɗan kaɗan ne ya shiga ruwan ya isa. Surukina ya ce ba zai yiwu ba, shi ƙarfe ko na cokali ba ya taɓa ruwansa, shi ya sa ma bai taɓa sayen abin gwada tagulla ba.

Ina zaune a bakin gado, tasar tana gabana da ruwan wankan jaririya a ciki.

Nan ne abin da ya fi damuna har yau. Zubawar da na yi, rashin sani ne. Amma daga wannan yammacin na sani, kuma na yi kwana biyu ban faɗa ba. Na ce wa kaina kunya ce, ta yaya zan tsaya gaban suruki. Na ƙara raka'o'in walaha, na roƙi Allah Ya raya su ba tare da na buɗe baki ba. Na ma tura tasar ƙarƙashin gado. A kwana biyun nan shi yana ta gwaje-gwajen da ba za su nuna komai ba, 'yata tana cin tuwo da hawaye, babban murjanin kuma ya gama zama fari fat har ƙarshen rassansa.

A rana ta uku da hantsi na ji ya ce mata, a hankali, ba da faɗa ba, "Da kin gaya mini gaskiya da na san abin da zan yi." Wannan ce ta tashe ni. Na jawo tasar, na yafa mayafi, na fito falo na ajiye ta a kan tebur tsakanin kwalabensa. Ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

"Ba ita ba ce," na ce. "Ni ce. A cikin wannan nake kwana da ruwan. Kuma tun shekaranjiya na ji abin da abokinka ya faɗa."

Ya dubi tasar, ya daɗe. Sai ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Maman, don Allah ki zauna. Ba komai."

"Da komai. Ka nemi gafarar matarka, ni kuma ina neman taka."

A ranar ya samo abin gwajin. Ya ɗiga, ruwan kwalbar ya rine tun bai gama girgizawa ba. Ya haɗa sabon ruwan gishiri a wata babbar roba, ya tsince waɗanda ke da sauran rai ya mayar can, guda huɗu ƙanana. Duwatsun kuwa ya ce sun riga sun sha tagullar, ba za su sake riƙe murjani ba. Shi ya sauke su ƙasa a buhu, sawu uku, ina jin takunsa a matakala.

Daga baya na sa 'yata ta tambaye shi, da na yi magana tun ranar da na ji zancen tagulla, da babban ya rayu? Ta dawo ta ce ya ce Allah ne masani. Na ce ta sake tambaya, ina son amsar gaskiya. Ta gyara wa jaririya kwanciya, ta ce, "Inna, ki bar shi haka."