Layin Gawayin Baba Ishaq

Baba Ishaq Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno a bakin kogi. Shekara arba'in ya yi yana raba ruwa a gonakin auduga, ya buɗe nan ya toshe can, har yaƙi ya koro shi Alƙahira. Ya sauka a unguwar Arba wa Nus, a saman layinmu, wanda ke gangarowa daga tudu ya ƙare daidai ƙofata. Ni Rilwanu, ɗalibi ne daga Gusau. Ɗakina na ƙarƙashin ƙasa ne, sai ka sauka matakala shida, kuma a nan muke da matata Husaina da jaririyarmu Amani.

Akwai bututun da ya fashe a kan tudun, a gyara yau ya sake tsiyaya gobe. Shi kuwa tsohon nan ba ya iya ganin ruwa na tafiya ya ƙyale shi. Ya tattaro fasassun bulo da rassan dabino da buhunan rairayi, ya datse gefen layin a wuri uku, kowanne tsayinsa iya gwiwa. Cikin wata huɗu muka samu kududdufai uku. Ciyawa ta fito, kwaɗi suka tare, balbela ta fara sauka, har mata suka shuka lalo a gefe.

Abokina Abdulbasit ya nuna mana wata dabba a waya, kamar gafiya mai faffaɗar jela, wai biba sunanta, tana sare itace ta datse rafi. Nan take muka laƙaba wa tsohon Baba Biba. Bai ji haushi ba. Ya kalla sau biyu, ya ce, "Wannan ta san aikinta. Ku duba, ba ta toshewa gaba ɗaya, tana barin ruwa ya wuce kaɗan-kaɗan."

Sai sauro ya zo. Ranar da na ga fuskar Amani duk ta yi rudu-rudu, raina ya ɓaci matuƙa. Ba zan ɗora wa kowa ba, ni na bi gida-gida na tara mutane. Bayan la'asar muka fito da shebur.

Baba Ishaq bai tare mu ba. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ba don ruwan bututu na yi su ba. Na sama nake jira. Ka sa wa yarinya gidan sauro."

"Haba Baba," na ce, "a garin nan da ake ruwa sau biyu a shekara? Khalas, ya isa haka, mun gaji."

Kafin magariba mun share komai, layi ya yi fes. Shi kuwa ya ɗauki gawayi a wurin mai shayi, ya gangaro, ya yi sallama ya shiga ɗakina. Ya dubi matakala, ya dubi taga, ya ja layi a bango.

"Ranar da aka yi ruwa na gaske, na tudun nan duka zai taho lokaci ɗaya," in ji shi. "A nan zai tsaya."

Na yi dariya, amma ban goge ba, kuma Husaina ba ta yi dariyar ba sam.

Wata biyu ke nan da yin haka. Tun safiyar yau aka rufe makarantu, ana ta sanarwar hadari a waya. Gabas ta yi baƙi ƙirin da tsakar rana, irin wanda ban taɓa gani a Masar ba. Na leƙa sama na hango Baba Ishaq shi kaɗai a inda madatsar farko take, yana jan buhu ɗaya. Abin da ya gina a wata huɗu yake son mayarwa cikin awa ɗaya. Tsoro ya kama ni, kunya ta fi shi.

Na koma ɗaki da gudu in ɗauko shebur in je in taya shi. Husaina na tsaye jikin bango, sai ta aza tafin hannunta tsakanin gadon Amani da layin gawayin. Layin ya fi gadon tsawo da taƙi biyu.

A waje, ɗigon farko ya bugi taga.