Mutumin da Yake wa Modem Fito

Lindsay Trebilcock ya yi aikin lantarki a matatar dalma ta Port Pirie har gashin kansa ya ƙare, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai allo ne. Allon kuwa wata tsohuwar kwamfuta ce a rumfar bayan gidansa, tsakanin injin yanke ciyawa da ragar kamun ƙaguwa. Za ka kira lambarta da modem ɗinka, akwatin nan da ke haɗa kwamfuta da layin waya, nasa ya amsa da ƙara kamar ana yanka akuya, in sun daidaita ka shiga ka karanta saƙonnin mutane, ka bar naka. Mutum ɗaya allon yake ɗauka a lokaci guda, in wani ya riga ka sai ka jira.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai ta raba mu, amma in ina son aron tsani sai na kira allon na rubuta. In na yi magana ta kan katanga ba ya ji.

Baiwarsa ɗaya ce, kuma ba ta da amfani a ko'ina sai a nan: ya iya fito irin na modem. In aka kawo masa wanda ya ƙi aiki, sai ya kira shi a waya ya yi masa fito, akwatin ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya amsa, shi kuma daga muryar ya gane inda ciwon yake. Matarsa Glenys takan ce duk zamansu ita bai taɓa yi mata fito ba. Ita ce kuma ta sa ya kashe lasifikar modem ɗin allon tun da daɗewa, ta ce ko ƙarar ta bar gidan ko ita ta bar shi.

Dokar allon guda biyu ce. Ba a tambayar mutum sunansa na gaskiya, kowa da laƙabinsa. Sannan layin allo ba a ɗaukarsa da baki, na inji ne. Lindsay ya riƙe su fiye da yadda ya riƙe maganin hawan jininsa.

Da intanet ta zo jama'a suka watse. Ya buɗe wa allon ƙofa ta intanet, 'yan tsirarin da suka rage muka koma can, ban da mutum ɗaya mai laƙabin Ƙaguwa. Shi dai kullum bayan abincin yamma sai ya kira ta tsohon layi, ya zagi ƙungiyar ƙwallonsa, ya ba da labarin tumaturinsa da gwiwarsa, ya fita. Lindsay bai taɓa ganinsa ba, bai san garinsu ba, amma in Ƙaguwa ya makara ba ya iya shan shayi.

Sai kamfanin waya ya sanar cewa zai cire tsofaffin layuka a unguwarmu da ƙarshen sanyi, sabon layin kuma ba ya shiri da modem. Lindsay ya ce ba komai, zai koya wa Ƙaguwa sabuwar hanya. Matsalar ita ce Ƙaguwa ya daina shiga. Kiran yana zuwa a lokacinsa, modem ya ɗauka, ya yi ta jira, babu amsa daga can, har ya gaji ya katse, wani lokaci a sake kira. Tsohon layin kuma ba ya nuna lambar mai kira. In aka yanke shi kafin su haɗu, shi ke nan, Ƙaguwa ya ɓata.

Babu abin da bawan Allahn nan bai yi ba. Ya rage gudun modem har ya koma tafiyar kunkuru. Ya canja igiya, ya kankare tsatsa a akwatin bango, ya zargi ruwan sama, ya zargi tsuntsayen da ke sauka kan waya, ya zargi injina na walda. Na ce masa, “Mutumina, ka ɗaga wayar kawai ka ce waye.” Ya dube ni kamar na ce ya leƙa mutum a banɗaki.

A makon ƙarshe ya zaro modem ɗinsa na farko daga ƙarƙashin tarkace, wai ƙila na Ƙaguwa ya tsufa ne, sai tsoho ɗan'uwansa zai ji yarensa. Wannan kuwa lasifikarsa ta lalace, ba ta kashuwa. Ina tsaye da tocila a hannu kiran ya shigo. Modem ya kwarma ihu, ya tsaya ya saurara. A wannan ɗan shirun muka ji ruwa yana zuba, muka ji cokali ya bugi faranti, sannan mace ta yi tari.

Lindsay ya daɗe yana kallon kan wayar kafin ya ɗauka.

Sunanta Nunzia, daga Port Germein, can gaba kaɗan da mu. Ƙaguwa mijinta ne, sunansa Cosmo, ya rasu tun kafin sanyi ya shigo. Ta ce shekara da shekaru tana wanke kwanuka wannan ƙara tana huda mata kunne daga ɗakinsa, babu irin tsinuwar da ba ta yi mata ba. Da ya tafi gidan ya yi shirun da ta kasa zama a ciki. Ita ba ta iya kwamfutar ba, amma lambar allon tana cikin wayar gidan, maɓalli ɗaya ne. Sai ta danna, ta buɗe lasifika, ta kama wanke-wankenta.

Lindsay ya yi mata gaisuwa, ya ce mijinta ya san tumatur. Ta gode, sannan ta ce, “To kai ne mai allon. Ka yi haƙuri, bawan Allah, ba kai nake nema ba. Mayar mini da ƙarar, ban gama ba.”

Ya mayar mata. Ni kam abin ya karya mini zuciya, na fita na tsaya wajen shanya ina ta duba tocilar da babu abin da ya same ta.

Washegari ya sake karya dokarsa, ya gaya mata za a yanke layin, ya ba ta lambar wayarsa ta hannu. Ta tambaya me za ta ji a can. Ya ce ta dai kira.

An cire layin, modem ɗin suna cikin kwali. Yanzu kullum bayan abincin yamma wayar Lindsay takan yi ƙara, Glenys da kanta take rage rediyo. Sai ya ajiye kofinsa, ya jiƙa leɓe, ya ja numfashi ya soma yi mata fiton modem. Daga gidana ina jinsa. Numfashin ba kamar dā ba, yakan tsaya ya huta a tsakiya, kuma sau ɗaya Nunzia ta ce masa ƙarshen bai fita daidai ba, ya ce laifin layi ne.

Ban da wannan ba sa magana. Ba ya gaishe ta, ba ta gaishe shi. In ta kife kwanon ƙarshe sai ta kashe.