Baffa Bubayero da Ɗorawar da Bai Raɗa wa Suna Ba

Da hantsin Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, ina cikin aji a Kankiya aka kira ni a waya aka ce Baffa Bubayero na Mawashi ya cika. Allah ne Ya ba mu shi, kuma Ya karɓi abinSa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Baffa, ba kai ka haife ni ba, maƙwabtaka ce ta haɗa rugarku da gidanmu, amma tun ranar ban ci abinci na ƙoshi ba. Ga rashinka, ga wani rashin yana tafe, kuma na rasa wanda zan kai wa kukana.

Wanda bai san ka ba zai ce wani makiyayi ne mai 'yan shanu da rediyo rataye a kafaɗa. A rediyon nan ka ji cewa a ƙasar Ruwanda ana taruwa duk shekara a raɗa wa jariran gwaggon biri suna, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan mutane, don jama'a su ji nauyin taɓa su. Mu dariya muka yi. Kai kuwa ka kashe rediyon ka tsura wa gonaki ido. Lokacin masu gawayi sun shigo mana da injin yanka itace, yau a kayar da tsamiya, gobe marke, jibi ɗorawa. Sai ka ce, "Mu ba mu da birin, amma muna da icce."

Ba kowane suna kake zaɓa ba, a nan wayonka yake. In bishiya tana gonar mutum, sunan uwarsa ko ubansa da ya rasu kake ba ta. Ka sayi goro, ka tara maƙwabta a gindinta, ka faɗi sunan kowa ya ji. Ka san halinmu. Yaron da aka sa wa sunan mahaifinka ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaga masa hannu, balle gatari. Da wasu malamai suka tsare ka, ka ce musu ba ka yanka rago ba, ba ka ce ibada ce ba, goro ne kawai da suna. Suka ci goron suka tafi.

Mahaifiyata Hawwa'u da daddawa ta rene mu, kuma kalwar da take dafawa daga ɗorawar gonarmu take. Da ta rasu, masu gawayi suka fara zarya wurin yayana Nasiruddeen. Ka riga su, ka raɗa wa ɗorawar sunanta. Yau Nasiruddeen, mutumin da ko kaza ba ya tausayi, Inna yake kiran bishiyar nan, kuma in ya ga yaro ya jefe ta sai ya bi shi har ƙofar gidansu. Daga Mawashi zuwa Boko, duk inuwar da ta rage mai suna ce. Mata masu daddawa sun sani, shanun da ke hutawa da rana ma sun sani.

Guda ɗaya ka bari, babbar ɗorawar da ke gonarka a bakin burtali, wadda mutum uku ba sa rungume ta. Na taɓa tambayarka me ya sa ita ba ta da suna. Ka dube ni kamar na yi saɓo, ka ce, "Rabi, mi kike faɗi haka? Wagga ta girmi kakana hwa. Yaro na raɗa ma babba suna?" Kunya ce ta hana ka, kuma ka ɗauka muddin kana raye ba mai kallonta. Gaskiyarka. Sai dai yanzu ba ka raye.

Baffa, an shafa mata jan fenti, alamar za a yanke ta. Amiru, babban ɗanka, ya yi magana da masu gawayi tun kana kwance, kuma sun ce za su jira a tashi daga zaman makoki. Wallahi ban ga laifinsa ba. Bara ɓarayi suka kore masa shanu, ga iyali, ga rani ya yi tsanani. Na je wurin mai unguwa, ya ce gonarsu ce, gadonsu ne. Na je wurin liman, ya ba ni haƙuri. Na durƙusa wa Amiru, ni da na girme shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya Rabi, ai Baffa da kanshi bai sa mata suna ba." Na koma gida ina kuka, ga 'ya'yan ɗorawar sun nuna suna reto, ko tsinke su ba a yi ba.

Don haka zan yi abin da ka ƙi yi, ka yafe mini rashin kunyar. Ranar addu'ar bakwai zan kai goro gindinta, in tsaya da matan daddawa ko da namiji ɗaya bai biyo mu ba, in ce sunanta Bubayero. Ban san ko maganar mace za ta zauna kamar taka ba. Ban san ko za a yi mini dariya ba. Wannan kaɗai ya rage mini.

Ya Allah Ka gafarta wa Baffa Bubayero, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa shi a inuwarKa ranar da babu wata inuwa, Ka sa kowace bishiyar da ya tsirar ta zame masa sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Goggo Lailatu, da 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Mawashi baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Amiru, ƙanena, Allah Ya mayar maka da abin da ka rasa. Tun da aka haife ka ban taɓa jin sunan mahaifinka a bakinka ba. In masu inji sun zo sun tambaye ka wacce za su yanka, kada ka nuna musu da hannu. Ka faɗa musu sunanta.

Rabi Haladu Mawashi